Telen da Malam Salihu Ya Ga Ɗansa a Ciki

Akwai wani mutum a Gure mai suna Fadilu, ma'aikacin meri, wato ofishin magajin gari. Mahaifinsa, Malam Salihu, tsohon ɗan kokowa ne, amma idanunsa sun fara dushewa. Likita ya ce da wuya su kai baɗi.

A shekarar ne aka zaɓi autan tsohon, Garbai, cikin 'yan kokowar jihar Damagaram da za su je neman takobi, wato kambun kokowa na ƙasa. Tsoho ya ce, "Ba zan iya doguwar tafiya ba. Amma ina son in ga yaron nan a fili, ko sau ɗaya, kafin duhu ya rufe ni."

Tsohuwar telen gidan kuwa dishi-dishi take nunawa. Sai Fadilu ya nufi butik ɗin Ɗan Talata, mai sayar da kayan lantarki.

Marka biyu ya tarar masu hoto garau, har ana ganin zufa a goshin mutum. Ɗaya babba ce, sunanta ya zaga duniya, amma sai da kuran, wato wutar lantarki, take aiki. Ɗayar ƙarama ce, ba wanda ya san sunanta, tana iya aiki da batir.

Fadilu ya yi ta zirga-zirga, ya kasa yanke shawara. In ya ɗauki ƙaramar, yana tsoron tsoho ba zai gani ba. In ya ɗauki babbar, zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Maƙwabcinsa Yabawa ya iske shi a can. Ya ce, "Malam Fadilu, irin ƙaramar nan gare ni. In ka matso da Baba kusa, zai gani sarai. Ka dai san halin kuran ɗinmu."

Da an bar Fadilu shi kaɗai, wataƙila da ya ji. Amma akwai mutane a butik, suna kallonsa. Ya yi dariya ya ce, "Wannan ai ta rugage ce, Yabawa. Ɗan'uwana na neman takobi, in kai wa Baba faranti?"

Aka yi dariya. Yabawa ya fita, Fadilu kuwa ya sayi babbar.

Ranar karawar Garbai, bayan la'asar, tsakar gidan Fadilu ya cika. An shimfiɗa wa tsoho darduma gaban babbar tele. Mai sanarwa ya ce saura karawa ɗaya a kira Garbai.

Sai kuran ya ɗauke.

Kowa ya san kokowa ba ta jira. Wani lokaci kafin ka gyara zama an kā da mutum. Malam Salihu ya ci gaba da duban baƙin gilashin. Can ya ce a hankali, "Fadilu, idona ne, ko ita ce?"

"Ita ce, Baba."

Matar Fadilu, Nasira, ta raɗa masa, "Malam, ina jin kiɗa daga gidan Yabawa."

Fadilu ya tsaya. Bai manta abin da ya faɗa wa Yabawa a butik ba. Ya dubi mahaifinsa, sannan ya fita ko takalmi babu.

A bakin ƙofa suka yi kiciɓis. Yabawa ne rungume da tele, ƙanensa na biye da batir a ka, baƙinsa duka na bayansu.

"Kauce, Malam Fadilu," in ji shi. "Farantin ne na kawo wa Baba."

Fadilu ya riƙe waya aka haɗa. Hoto ya fito daidai lokacin da Garbai ke ɗibar ƙasa yana murzawa a tafinsa. Tsoho ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

Garbai bai yi nasara ba. An kā da shi. Mutane suka fara ba tsoho haƙuri, sai ya ɗaga hannu.

"Na gan shi," ya ce. "Ƙafar hagu yake sakewa. Ni ma da ita aka kā da ni."

Kafin damina ta sauka, idanun Malam Salihu sun rufe. Babbar telen tana nan a ɗaki. Fadilu bai cika kunna ta ba.

Darasi: In za ka sayi abu, dubi wanda zai yi amfani da shi da wurin da zai zauna, ba idon masu kallonka ba. Kuma kada ka rena mai ba ka shawara, don ba ka san ranar da zai tsaya a ƙofarka ba. Ku tura wa 'yan'uwa, ko wani ya tsira daga irin wannan kunya.