Rijiyar Yaron Nan

A zamanin da hanyar mota ba ta iso Kwarin Giginya ba, lokacin da kura ke zuwa har bakin danga da rana tsaka, an yi wani maharbi ana ce masa Nomau. Gidaje tara ne kaf a ƙauyen, ruwa kuwa sai an yi tafiyar rabin yini. Nomau ɗan fari ne a wurin uwarsa Tabawa, don haka tun ranar suna bakinta bai taɓa kama sunansa ba. "Yaron nan" take cewa, har ya yi gemu.

Wata rana da rani, yana bin sawun gada, sai ya ga tururuwa na fito da ƙasa mai danshi a gindin wata tsamiya. Nan ya kafa dagi. Zurfin gaba uku ya haƙa aka yi shelar ɗaukar soja, ya tafi.

Duk hutun da ya samu, da ya gaida uwarsa sai rami. Mutane su tsaya a kansa suna dariya: "Kofur, gafiya gwamnati ta aiko ka kamawa?" Ya ce, "Ku dai ku tanadi guga."

Tabawa takan kawo fura ta ajiye nesa, kamar ba don shi ba. Ran nan ya leƙo, kansa duk ƙasa, ya ce, "Inna, in ruwa ya fito, ladana ɗaya ne. Ki kira sunana sau ɗaya in ji."

Ta ja mayafi. "Ji marar kunya!"

Gaba goma sha ɗaya, ba ruwa, hutu ya ƙare. A wannan komawar yaƙi ya ritsa da su a bakin wata gada. Shi da mutum biyu suka tare abokan gaba tun hantsi har la'asar, sai da matan wani gari da 'ya'yansu suka gama hayewa. Nomau na Tabawa, ƙyauren da ba a ɓalle ba sai da gida ya tsira! Can aka binne shi. Allah ya jiƙan maza.

Abokinsa Saje Mati ya kawo kayansa: takalmi, bargo, da sabuwar igiyar guga. Ya durƙusa ya ce, "Inna, igiyar nan ya ce taki ce."

Kwana bakwai ana zaman makoki, Tabawa ba ta zubar da hawaye ba, don uwar ɗan fari ce, idon jama'a na kanta. Da safiyar kwana na takwas ta ɗauki igiyar ta nufi tsamiya. Ta leƙa ramin, busasshe ƙayau, ga sawun daginsa a bango. Ta waiga hagu, ta waiga dama. Sannan ta sunkuya, a hankali ta ce, "Nomau."

Ramin ya maido mata da sunan. Ta sake faɗa da ƙarfi, kuka ya kece mata. Tsofaffi sun ce kafin azahar ruwa ya tsattsafo ya kai gwiwa.

Rijiyar na nan har yau, fari bai taɓa ƙafar da ita ba. Duk uwar da ɗan farinta zai yi tafiya mai nisa, takan kai shi can, ta sunkuya ta kira sunansa a ciki, yana tsaye yana ji. Ba a jira sai ya dawo.