Barkar Gidan Yauni

Dalilin da ya sa kuke ganin yauni ita kaɗai a akwatin gilashi a gidajen masu kiwon kifin ado, alhali sauran kifaye na cunkushe suna wasa a nasu, ku matso, yara, ku ji. Ba mugunta mai gidan yake yi mata ba. Duk kifin da aka sa mata ya taya ta zama, gunduwa-gunduwa ake kwaso shi.

A da can, duk fadama babu mai sanyin hali kamar Yauni. Doguwa ce, idanunta ƙanana ba sa gani sosai, ga kunya kamar ta kashe ta. Shekarar haihuwarta ta fari, da ruwa ya malala cikin ciyayi, ta tsinko ciyawa da baki ta saƙa gida mai yawo a bisa ruwa. Nan ta zuba ƙwai, nan 'ya'yan suka ƙyanƙyashe, mitsi-mitsi, suna ta motsi. Son da take musu ba ya faɗuwa, amma ba ta isa ta nuna ba.

To, kifi ba shi da hannu. Saboda haka a al'adarsu mai zuwa barka a baki take ɗaukar jariri, ta ɗan juya shi, ta sa masa albarka, ta tofo shi. Mai jego kuwa, in haihuwar fari ce, juya baya take yi. Wadda ta kalli ɗanta gaban baƙi, ta zama abin faɗi har tsufanta.

Aminiyarta Karfasa ce ta fara zuwa. Ita dama a baki take rainon nata, don haka ta ɗauka ta mayar lafiya. Sai ga Tarwada, da gemunta da ƙaton baki.

"Mai jego, barka da arziki. An sauka lafiya?"

"Lafiya lau, Gwaggo," in ji Yauni, fuskarta na kallon ciyawa.

Tarwada ta ɗauki guda. Tana cikin juya shi shaƙuwa ta kama ta, ɗan ya wuce ciki. Ta saci kallon Yauni, ta ga ƙeya. Sannan ta ji daɗin abin a maƙogwaro. Ta ce, "Allah ya raya," ta ƙara da guda, ta fita.

Tarwada ba ta iya riƙe magana. Kafin rana ta take, gidan ya cika maƙil. Waɗanda ba su taɓa gaida Yauni ba duk ranar suka tuna da zumunci, wasu har barka biyu suka yi.

Yauni tana jin motsin da ke bayanta yana raguwa. Zuciyarta ta gaya mata, amma wuyan ya ƙi juyawa. Karfasa ta dawo, ta ga abin da ake yi, ta raɗa mata, "Ke Yauni, waiwaya ki ga."

"Haba Karfasa, gaban manya? So kike a yi da ni a fadama?"

"Cinye su ake yi!"

"Gwaggo Tarwada ce za ta ci ɗana? Ki rufa mini asiri ki yi shiru."

Karfasa ta duba, ta ga saura ɗa guda, ga Tsage mai haƙora ya nufo shi. Ta yi wuf ta cafe ɗan a baki, ta shige ciyawa da gudu.

Da baƙi suka watse, Yauni ta juyo. Gida wayam. Ta bi ciyawar tana kutsa hanci, ta warware saƙar duka, ko ɗaya babu. Ba ta yi kuka ba. Baƙin cikin ya daskare mata a muƙamuƙi.

Sai ga Tarwada ta sake leƙowa. "Mai jego, na ce bari in ƙara ganin yaran." Ba ta rufe baki ba Yauni ta yage mata gefen ciki. Tarwada ta tsere, ruwa ya yi ja.

Da ƙafa ta ɗauke, Karfasa ta fito daga maɓoya, tana tafe a hankali. Ba ta yi sallama ba, don in ta buɗe baki ɗan zai faɗo. Yauni da raunin idonta ba ta gane ta ba. Inuwa kawai ta gani, da kumatu a kumbure. Ta kai cizo da duk ƙarfinta, haƙoranta suka haɗu ta cikin kumatun.

Bakin Karfasa ya buɗe, ɗan ya faɗo a tsage biyu.

"Naki ne," in ji Karfasa da ƙyar. "Ɓoye miki shi na yi."

Daga nan ta juya ciki sama. Yauni ta tsaya tana kallon su biyun har ruwa ya tafi da su.

Shi ya sa har yau yauni ba ta ba kowa baya. In za ta koma, da baya-baya take tafiya, ido a kanka. Masuncin da ya kai hannu gidanta a damina, yatsa yake bari a can. A cikin gilashi ma ba ta tambayar baƙo ko da alheri ya zo, don ranar da ta ga mai alherin, ita ta kashe ta da bakinta.