Manomin da Ya Kwana da Fuskar Mugun Sarki

Akwai wani manomi a wani ƙauye, mai noman gyaɗa da dawa, mutum ne mai ƙwazo, ba ya fashin sujada. Aibinsa ɗaya ne, ba ya son a koya masa abu. In ka nuna masa hanya sai ya ce dama can ita zai bi. Kowace shekara in ikilisiya za ta yi wasan Kirsimeti, shi ne yake fitowa a mugun sarkin nan mai neman ran jariri Yesu, domin Allah ya hore masa murya. Da gawayi yake zana gira da gashin baki. Amma gawayi ba shi da amana. Kafin a kai tsakiyar wasa gumi ya kwashe gashin bakin sarki ya sauke shi a haɓa, yara su yi ta ƙyaƙyata dariya a inda ya kamata su ji tsoro. Abin nan yana ci masa tuwo a ƙwarya ƙwarai.

Wata shekara aka sa auren 'yarsa Keziya kashegarin Kirsimeti. Kun dai san halinmu, muna son haɗa biki da biki, tun da 'yan'uwa na birni sun riga sun zo gida, shinkafa ɗaya sai ta yi aiki biyu. Keziya kuwa ita kaɗai ce 'yarsa mace, tun tana ƙarama take cewa ran aurenta babanta ne zai riƙe hannunta ya kai ta gaban fasto.

Ango yana da wata yaya mai suna Damaris, sana'arta yi wa amare kwalliya a birni. Ta iso da akwatin kayan aikinta, aka sauke ta a gidan manomin don ta shirya amarya da safe. Ran Kirsimeti da hantsi ta buɗe akwatin tana nuna wa mata kayan. Manomin yana wucewa ta bakin ƙofa sai ya ji tana cewa, "Wannan jagira da wannan jambaki, don amare masu kuka aka yi su. Ko hawaye, ko gumi, ko ruwan sama, ba abin da zai motsa su."

Manomin ya tsaya cak. A duk maganar nan ba abin da ya shiga kunnensa sai "ko gumi". Da mata suka fita wurin girki, ya leƙa nan, ya leƙa can, ya faɗa ɗakin. Bai roƙa ba, bai tambaya ba. Ya zauna gaban madubi ya ja gira biyu ya haɗe su a tsakiya, kauri kamar kunyar rogo. Ya zagaye idanunsa da baƙi, ya zana gashin baki mai lanƙwasa har gindin kunne, ya lafta ja a kumatu da leɓe. Da ya ga abin ya zauna daram, ya ƙara, ya kuma ƙara. Sa'an nan ya rufe akwatin kamar ba a taɓa ba, ya bi ta bayan gida ya tafi.

A ranar kam ya ci sarautarsa. Yara suka ɓuya a bayan iyayensu, wata tsohuwa har ta miƙe tana tsawata masa da sunan Yesu. Aka gama wasa ko gashi ɗaya bai gusa ba. Matan gidansa ba su je kallo ba, aikin abincin gobe ya riƙe su, saboda haka ya dawo ta inda ya fita, ya ɗebi ruwa a bokiti, ya zaga bayan rumbu don ya wanke fuska.

Ya watsa ruwa, ruwan ya gangara kamar a ganyen gwaza. Ya sa sabulun wanka, ya ɗauraye, ya duba ɗan madubinsa, sarki na nan. Ya kawo sabulun salo da soson buhu ya dirza, sarki na nan. Ya gwada garin sabulun wanki, ya gwada toka. Ya matsa lemun tsami, ya shiga masa ido, ya yi rawar da ko a wasan bai yi ba. Daga ƙarshe ya ɗauko dutsen da matarsa take goge kaushi da shi, ya ce yau ko ni ko kai. Baƙin ya ɗan bazu ya haɗu da jan, fata ta saɓule nan da can, fuska ta kumbura suntum, amma gira da gashin baki suna nan inda ya ajiye su. Garin neman gira ya kusa rasa ido. Da rana ta faɗi ya sulale ɗakinsa ya ja ƙofa, ya ce kansa ke ciwo, ko tuwo bai karɓa ba.

Gari ya waye, gida ya cika da baƙi. Manomin ya ɗauki hodar matarsa ya bulbula a fuska ko za ta rufe, sai ya koma kamar tukunyar da aka shafa wa farar ƙasa. Ya naɗe kansa da tawul, ya bar idanu kawai, ya aika a gaya wa ƙanensa cewa ciwon kai ya sauka a haƙori, shi zai riƙe hannun amarya a madadinsa.

Matarsa ta ji saƙon, ta ajiye ludayi ta shigo. Ta kama bakin tawul ta warware. Ta dube shi. Ta yi iyakar ƙoƙarinta, Allah ya sani, ta cije leɓe, ta kalli rufin ɗaki, amma dariya ta ci ƙarfinta har sai da ta zauna a ƙasa. Da ta sami numfashi ta ce, "Baban Keziya, wa ya yi maka wannan aika-aika?"

Ya faɗa mata gaskiya. Ta ce, "To, ai sai ka tashi ka je wurin mai akwatin. Ita ta san kayanta."

Ya ce, "Suruka? In je in ce mata na buɗe mata akwati kamar ɓera? Gara ƙasa ta tsage in shige."

Suna cikin haka sai ga Keziya a bakin ƙofa, da zanen wanka, ko ɗankwali babu. Ta ji an ce ƙanen babanta ne zai kai ta. Ta dubi fuskar babanta, ita kam ba ta yi dariya ba. Hawaye suka zubo mata, ta ce, "Baba, ko da wannan fuskar ce, kai nake so ka kai ni."

Maganar nan ta soki manomin fiye da lemun tsamin jiya. Ya ga cewa yana shirin hana 'yarsa abin da ta daɗe tana jira, don kawai kada a ce ya yi kuskure. Ya ji kunya, ya ji tausayinta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya tashi ya ratsa tsakar gida da fuskarsa a buɗe, masu girki suka tsaya da muciya a hannu, ya shiga ɗakin da ƙawayen amarya suke jiran a yi musu kwalliya. A gabansu duka ya faɗa wa Damaris abin da ya yi.

Damaris ta rusuna ta gaishe shi, ta ce, "Baba, ai tun jiya na sani. Jagirata sabuwa ta koma guntuwa, ga yara suna ta labarin sarkin da gashin bakinsa ya ƙi gusawa. Na rasa ta inda zan fara tambayar surukina ne, ina ta jira ka zo."

Ta ɗauko wata kwalba ta tsiyaya abin da ke ciki a tafin hannunta. Manomin ya duba, ya ga mai ne. Ya ja da baya ya ce, "Mai kuma? Ni da nake neman fita daga maiƙo, za ki ƙara mini wani?"

Ta ce, "Baba, abin da ke fuskarka da mai aka haɗa shi, shi ya sa ruwa ba ya kama shi. Sai ɗan'uwansa ne zai shiga cikinsa ya narkar da shi. Wannan man wanke fuska ne, don haka aka yi shi. Zauna, ka rufe ido."

Aka ba shi 'yar kujerar tsugunno, dattijo guda ya zauna a layin 'yan mata. Damaris ta shafa man a busasshiyar fuskarsa, tana murzawa da 'yan yatsu a hankali, ba ƙarfi, ba gaggawa. Manomin ya ga abin ya yi sanyi da yawa, ya ɗaga hannu zai taya ta dirzawa. Matarsa ta kama hannuwan biyu ta danne masa su a gwiwa. Kafin wani lokaci gira ta narke, gashin baki ya bi ta, man da ya shiga garau ya koma baƙi ƙirin. Ta yayyafa ɗan ruwa ta ci gaba da murzawa, ya zama fari-fari kamar tsinkakken nono, ta ɗauraye, ta bi da sabulu mara zafi, ta tsane da ƙyalle mai laushi. Mugun sarki ya tafi.

Da take murza gefen hancinsa, wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe suka yi ta fitowa kamar tsakin gero. Ta nuna masa a yatsa ta ce, "Wannan kam ba daga akwatina ya fito ba, Baba. Tsohuwar ajiya ce, ƙurar gona da maiƙo ne suka toshe ƙofofin fata." 'Yan mata suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Amma inda dutse da toka suka saɓule, ta ce wannan sai dai a ba shi lokaci.

Haka manomin ya sa rigarsa, ya riƙe hannun 'yarsa ya kai ta gaban fasto, fuska fes amma a kumbure, da tabo nan da can. Keziya kuwa bakinta ya ƙi rufuwa don murna.

To, ga ma'anar wannan misali, ku kasa kunne. Kuma kada wata ta koma gida ta kwashe man miyar uwarta ta ce malamin Lahadi ne ya sa ta.

Manomin nan ni ne, kai ne, ke ce. Kwalliyar kuwa zunubi ne. Mukan ɗauke shi a ɓoye don ya yi mana amfani na yini ɗaya, mu ce in an gama wasa za mu wanke. Sai a gama wasa, shi ya ƙi gamawa. Daga nan sai mu zaga bayan rumbu mu kama dirza da ƙarfinmu: alkawari, rantsuwa, zagin kai, ƙarin kuɗin baiko a coci, daga yau na daina, daga gobe na daina. Ku lura da kyau, kwalliyar ba ta ji wa mutumin nan ciwo ko ɗaya ba. Duk tabon da ya kai gaban fasto, hannunsa ne ya yi masa. In dirza ta gagara kuma sai mu koma ga hoda da tawul, mu ce lafiya lau, ciwon haƙori ne kawai.

Me ya sa ruwa ya kasa, mai ya iya? Ruwa ya bi ta sama ya wuce, bai haɗa hanya da dauɗar ba. Mai kuwa ya shiga cikinta, ya ɗauke ta a kansa, shi ya yi baƙi don fuskar ta yi haske. Haka Ubangiji Yesu ya yi mana. Bai tsaya daga nesa yana watso mana umarni ba. Ya ɗauki jiki irin namu, ya shigo inda muke, ya kwashe ƙazantarmu ya ɗora wa kansa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, wanda muka yi wa laifin, shi ne kuma yake riƙe da maganin. Ba wata ƙofa, sai ta wurinsa. Ya riga ya san abin da muka taɓa, jira kawai yake mu zo mu faɗa da bakinmu. In kuwa ka zauna a gabansa, kada ka yi mamaki in ya fitar da abin da ba shi ya kawo ka ba. Ka zo don ƙaryar jiya, sai ga tsohuwar gaba da ɗan'uwanka ta fito, wadda ta daɗe a ciki har ka ɗauka halittarka ce.

Na san akwai wanda ya daina zuwa cin Jibin Ubangiji, yana cewa sai ya gyara kansa tukuna. Ɗan'uwa, tun yaushe kake wannan gyaran, me ya fita? Kuma kada ka ce kai kaɗai ɓuyan nan yake cuta. Akwai matarka, akwai 'ya'yanka, akwai wanda yake tsaye a bakin ƙofarka yana jira, ba ya son wakili, kai yake so. Girman kai ba zai gaya maka wannan ba, shi ya sa nake gaya maka.

Ku tashi mu yi addu'a. Wanda hannunsa ya gaji da dirza, ya sauke shi, ya zo da fuskarsa yadda take.