Rantsuwar Yahanasu da Muryar Malam Dalhatu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Masanin abin da ƙiraza ke ɓoyewa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, ku kasa kunne, domin hukuncin wannan labari a hannunku zan bar shi.

An yi wani malami a Funtuwa, Malam Dalhatu, wanda ya shekara da shekaru yana karantar da tafsiri a zaurensa. A ƙarshen rayuwarsa yakan naɗi karatun a waya, muryar kuma tana ajiye a wani asusu na babban kamfanin nan na ƙasar waje mai adana wa mutane hotuna da muryoyi. Da Allah ya karɓi ransa, matarsa Hajiya Yahanasu ta shiga takaba. Ba ta fita, ba ta ado, ba ta da abokin hira sai wayar nan. Kullum da hantsi takan kunna ta, ta ji Malam yana gyaran murya kafin ya fara, sai zuciyarta ta sami natsuwa.

Wata rana sai ga saƙo ɗauke da tambarin kamfanin, wai za a rufe asusun mamaci a goge abin da ke ciki, sai fa in an yi magana da ma'aikacinsu. Ta taɓa wurin da aka nuna, nan take aka amsa mata da Hausa tsantsa: sallama, da ta'aziyya, da addu'ar Allah ya haskaka kabarin Malam. Ba ta san ba mutum ba ne, na'ura ce da ɓarayi suka koya wa ladabi suka sa mata rigar kamfanin. Ita kuwa a tarbiyyarta, wanda ya yi maka gaisuwar mutuwa ba a yi masa zato. Aka nemi kalmar sirri, ta bayar. Sannan aka ce: "Hajiya, wasu lambobi za su shigo, ki turo mana. Amma ki rantse ba za ki gaya wa kowa ba, ko ki nuna masa hirar nan, domin in magada suka sa baki, dole mu goge." Ta rubuta: "Wallahi."

Tana cikin kwafe lambobin sai autarta Zulaihatu ta shigo da kwanon abinci. Uwar ta yi wuf ta tura wayar ƙarƙashin mayafi, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Inna, lafiya? Da wa kike magana?"

"Na yi rantsuwa. Ajiye ki fita."

Zulaihatu ba ta san komai game da sha'anin asusu ba, amma ta san fuskar uwarta. Ita da ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi Inna ba, ta miƙa hannu ta fizge wayar, ta rungume ta a ƙirji. Yahanasu ta miƙe tsaye ta ce, "Ba ni, ko in yi fushi da ke, fushin da ba ki taɓa gani ba!" Zulaihatu ta durƙusa tana kuka, ta ce, "Ki yi, Inna, in ya so daga baya ki yafe." Ba ta saki ba. Sai dai wayar ta kulle kanta, ba kuma mai buɗe ta sai yatsan uwar.

Zulaihatu ta kira wanta Mudassiru, wanda ya gaji karatun mahaifinsu. Ya baro ɗalibansa ya zo a guje, ya tarar da uwar ta juya wa ɗakin baya, wayar na ta ƙara. Ya roƙe ta ta buɗe, ta ce ita ba za ta gamu da Ubangijinta da karyayyar rantsuwa ba, ko da muryar Malam za ta salwanta. Ya zauna a ƙasa, ya sassauta murya. Bai ce mata rantsuwar banza ce ba, domin ya san sunan Allah ta kira. Ya bayyana mata cewa wanda ya rantse a kan abu, sannan ya ga waninsa ya fi alheri, shari'a ta ce ya aikata alherin ya yi kaffara. Ta ce, "Bawan Allah nan har addu'a ya yi wa ubanku." Ya ce, "Inna, mai gaskiya ba ya raba uwa da 'ya'yanta da sunan Allah. Ki yi mini izini, ciyarwar kaffarar a wuyana." Wayar ba ta daina ƙara ba. Daga bisani ta miƙo yatsanta, tana kawar da kai.

Suka karanta hirar, amma ba su san mafita ba. Sai suka kira babban wansu Nafi'u, ɗan farin da uwar ba ta kiran sunansa, wanda ke aiki a Fatakwal. A lokacin yana bakin ƙofar ɗakin jarrabawar ƙarin girma da ya daɗe yana jira. Da ya ji abin da aka rubuta, ya ce, "Kamfanin gaskiya ba ya tambayar waɗannan lambobi. Kada kowa ya tura komai!" Ya san in ɓarayin suka kammala shiga, za su kulle iyalin a waje, su riƙa roƙon ɗaliban Malam da sunan marayunsa, muryar kuma ta tafi. Aka kira sunansa a ƙofa, ya juya baya. Ya tsaya a rana, ya shiga asusun ta wayarsa, yana tsere da mutanen da ba ya gani, su suna ƙoƙarin sauya lambar wayar da ke kan asusun, na'urar kuma tana ta turo wa Yahanasu gargaɗi cikin ladabin nan nata: "Hajiya, ki tuna kin rantse." Allah ya ba shi sa'a ya riga su, ya sauya kalmar sirri, ya toshe duk wata kafa. Da ya waiwaya, an riga an rufe ƙofar jarrabawa.

Mudassiru ya taɓa wayar, karatun Malam ya cika ɗakin. Yahanasu ta faɗi ta yi sujada.

Da ta fita takaba aka raba gado, carbin Malam ya faɗo a rabonta, wanda yatsunsa suka goge har ya yi sheƙi. Ta yi niyyar ba da shi ga wanda ya fi taka rawa a ranar, amma duk wanda ta duba sai ta kasa. Ba don Zulaihatu ta jure fushin uwa ba, da lambobin sun tafi. Ba don Mudassiru ba, da wayar tana nan a kulle har ɓarayi su sami wata hanya. Shi kuwa Nafi'u, har yau yana kan matsayinsa na da a wurin aiki, bai kuma taɓa ambatawa ba.

Allah ya tsare mai ba da labarin da masu saurarensa daga sharrin mai daɗin baki, ya jiƙan iyayenmu, ya sa mu cika da imani. To, ku da aka ba hankali, ku raba wa Yahanasu gardama: wane ne a cikin ukun nan ya fi cancantar carbin?