Gangaren da Ya Auna Gwiwar Maccido

Akwai wani baduku da ya rayu a birnin Sakkwato, shekaru kaɗan bayan Turawa sun karɓi ƙasar, sunansa Maccido. Jama'a, duk ranar da na ji wani yana cika baki a kan ƙarfin jikinsa, mutumin nan ne ke fara faɗo mini a rai.

Maccido gwani ne a ɗinkin fata, wannan kam ba a ƙwace masa. Da ƙuruciyarsa ya yi fataucin goro, ya je Gwanja sau huɗu a ƙasa. Amma fa wannan tsohon zance ne. Yanzu ya haura sittin, kuma shekara ashirin ke nan yana zaune a rumfa. Iyakar tafiyarsa daga gida zuwa rumfa, daga rumfa zuwa masallacin da ke bayanta.

Gwiwoyinsa sun daɗe da fara ciwo. In zai miƙe sai ka ji ƙas-ƙas, ya dafa bango a ɓoye. In aka yi masa sannu sai ya haɗe rai ya ce ɗan sanyi ne kawai.

Yana da yaya mace, Dije, wadda ta dawo gidansa tun rasuwar mijinta. Ita ma ciwon gwiwar ne da ita, irin nasa sak. Sai dai ita ba ta ɓoyewa. Da safe "wayyo gwiwata", da yamma "ni kam na gama yawo". Kullum da sandarta, kullum tana shafa man kaɗanya.

Ita ce ke ɗauko masa jemammun fatu daga wurin majema, can ƙasa a bakin gulbi. Wanda ya san Sakkwato ya san garin a kan tudu yake, kuma daga Ƙofar Kware zuwa gulbi gangare ne mai tsawo. Dije na sauka ta hawo da fatu a ka, tana tafe tana mita. Ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan a bakin komai, har ita kanta.

Ana nan sai labari ya bazu cewa Madugu Siddiƙu zai ja ayari zuwa Makka da kaka. A wancan zamani hajji a ƙasa ake zuwa, tafiyar shekaru ce. Maccido ya ce da shi za a yi. Ya zauna ya ɗinka wa kansa takalma ƙafa uku na fata mai kauri, ya rataye su a rumfa inda kowa zai gani.

Dije kuwa, tun tana budurwa ba ta da burin da ya wuce ta ga Ka'aba da idonta. Wata rana da hantsi, bayan ta sauke fatu, ta tsaya tana kallon takalman, ta ce a hankali, "Maccido, da ma a ce ina da ƙahwa, da na bi ka."

Ya fashe da dariya a gaban mutanen rumfa. "Ke, Yaya? Da wagga sanda taki? Ai ko Ƙofar Rini ba ki kaiwa sai an goya ki. Tahiyag ga ta maza ce, waɗanda suka san hanya. Ki zamna ki yi muna addu'a."

"Gaskiyarka," in ji Dije. "Ba ni iyawa."

Ta juya tana share ido da bakin zane. Abin ya yi mata zafi ƙwarai, kuma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta yarda da maganarsa.

To, shi Madugu Siddiƙu yana da wata al'ada da ba ya sassautawa ga kowa. Ya taɓa binne mutane a hanya, waɗanda suka rantse masa za su iya. Tun daga nan ya daina karɓar rantsuwa. Duk mai son shiga ayarinsa sai ya ɗauki kayansa da salkar ruwansa da sassafe, ya fita ta Ƙofar Kware, ya gangara gulbi, ya bi gaɓa har wata babbar tsamiya da ke gaba da majema, ya juyo ya hau tudun. Sharaɗin shi ne ya iso ƙofa kafin inuwarsa ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa.

Da aka gaya wa Maccido sai ya yi tsaki. "Ni za a gwada? Ni da nit tahi Gwanja sau huɗu?"

Madugu ya ce, "Malam Maccido, ƙahwar da ta tahi Gwanja ban gan ta ba. Wadda ka zo da ita yau nika son gani."

Ranar gwaji mutum goma sha biyu suka taru a ƙofa. Dije ma ta fito, don hanyarta ce ta kullum, kuma akwai fatun da za ta karɓo. Ta tsaya gefe da gammonta don kada ta shiga cikin maza.

Aka tashi. Kai, ku zo ku ga Maccido! Ya wuce kowa, yana taku kamar ɗan shekara talatin, yana waiwaye ko ana kallonsa. Dije tana can baya, tana sauka a karkace, ƙafa ɗaya sannan ɗaya, sanda a gaba. In ta zo wani dutse da ta saba sai ta ɗan zauna, ta murza gwiwa, ta tashi.

Masu ciwon gwiwa sun san abin da zan faɗa: gangare ba ya rufa wa kowa asiri. Tun kafin Maccido ya kai gulbi gwiwarsa ta dama ta fara suka. Ya cije ya isa tsamiya. A dawowa ya fara ɗingishi, waɗanda ya wuce suka riƙa wuce shi ɗaya bayan ɗaya, kowa na yi masa sannu yana cewa lafiya lau.

A tsakiyar tudu gwiwar ta kumbura ta ƙi lanƙwasuwa. Ya zauna a kan dutse don ya ɗan huta. Da ya zo tashi, ina! Ya yunƙura sau uku yana komawa. Babu bangon dafawa a nan, rana kuma tana ta hawa.

Can sai ga Dije ta ɓullo daga ƙasa, ɗaurin fatu a ka, tana tafe tana "wayyo gwiwata". Ranar ma majemin da ke ba ta fatu ya tafi shanya kusa da tsamiyar, sai da ta bi shi har can.

"Subhanallahi! Maccido, mi ya same ka?"

Ya sunkuyar da kai. "Yaya, ƙahwar ta ƙi."

Ba ta yi masa gori ba, ko da kalma ɗaya. Ta miƙa masa sandar nan da ya yi wa dariya. Ta ɗauki salkarsa ta rataya a kafaɗa. Ta ce, "In za ka hau, fara jefa mai lahiya, mai ciwon ta biyo. Kada ka kalli ƙofa, kalli dutsen can. In mun kai mu huta."

Haka suka hau, daga dutse zuwa dutse, tana gaba da kaya yana baya da sanda. Da ƙofa ta kusa, Dije ta yi gaba don ta sauke fatun ta dawo ta kama shi. Ta shiga ƙofar da sauran inuwa kamar taku guda. Ta koma ta kamo shi, amma bai iso ba sai da aka kira azahar.

Madugu yana zaune a gindin ƙofa, duk abin nan a kan idonsa. Ya kira Dije.

"Inna, har ina kika kai yau?"

"Har tsamiya, Madugu. Amma ni ba gwaji nika yi ba, fatu na je ɗauka."

"Sau nawa kika sauka gulbi a mako?"

"Kullum sau biyu, safe da la'asar. Ban da Juma'a."

"Tun yaushe?"

"Tun rasuwar maigidana. Bana shekara tara."

Madugu ya riƙe baki. "Kuma ke ce aka ce ba ki iya tahiya?"

"Ai wanga ba tahiya ba ne, aiki ne. Gwiwata kullum ciwo takai, wallahi."

"Na yarda tana ciwo," in ji Madugu. "Amma tana kai ki. Abin da nika sa maza su yi sau ɗaya, ke kusan shi kika yi sau biyu kullum, da kaya a ka. Ayari ba gudu shikai ba, Inna, haƙuri shika so. In kina so, akwai wuri cikin dattijan mata, tare da iyalina."

Dije ta durƙusa a wurin, ciwon ma ta manta da shi, ta fashe da kuka.

Sai Madugu ya juya ga Maccido. "Kai kuwa, Malam, ba ni ɗaukar ka bana. Ba don ƙiyayya ba. Ba ni son in bar ka ƙarƙashin itace a ƙasar da ba ka da kowa."

Maccido ya dogara sanda ya nufi gida. Kowa ya gani.

Kwana uku bai fita rumfa ba. A rana ta huɗu ya sa aka sauko masa da takalman nan ƙafa uku. Ya kira Dije ya ce ta ɗora ƙafarta a kan fata. Ya zana, ya sa wuƙa ya rage su duka zuwa girman ƙafarta, ya sake ɗinkewa. Yana ɗinki hawaye na ɗiga a kan fatar.

"Yaya, ki gahwarta mini. Shekara tara kina hawan tudun ga don in ci abinci, ni kuma ina yi miki dariya."

"Na yahe," in ji ta. "Amma daga gobe babu mai ɗauko maka fatu. Ka yanki sanda, ka sauka da kanka. Fara da dutsen farko ka dawo. Kada ka yi gaggawa."

Da kaka ayari ya tashi da Dije a ciki.

Maccido ya yanki sanda. Watan farko bai wuce dutse na biyu ba. Gwiwar ba ta daina ciwo ba, amma ya koyi abin da take iyawa da inda take tsayawa. Kafin shekara ta zagayo yana sauka har majema ya hawo da fatunsa, ya kuma daina ba da labarin Gwanja.

Bayan shekara shida aka ce ayarin Madugu Siddiƙu ya sauka a zangon ƙarshe kafin birni. Maƙwabci ya kawo wa Maccido jaki don ya je tarye. Ya ce a mayar, ya gode. Ya ɗauki sandarsa ya fita tun da sassafe, yana tafe yana hutawa.

Daga nesa ya hango wata tsohuwa tana dogara sanda, tana taku a karkace. Kafin ya ga fuskarta ya ji muryar: "Wayyo gwiwata!"

Ya tsaya a tsakiyar hanya yana dariya yana kuka. Da ta iso ya dubi ƙafarta. Takalmi na ukun ne, duk ya sha faci, amma ɗinkinsa bai saki ba.

Darasi: Kada ka auna kanka da abin da ka yi shekara talatin da suka wuce, kada kuma ka bar ciwo ko maganar mutane su yanke maka hukuncin cewa ka gama. Maccido ya ɗauka ya fi yadda yake, Dije ta ɗauka ba ta kai yadda take ba, gwaji ne ya faɗa wa kowannensu gaskiya. In kana da dattijo mai ciwon gwiwa a gida, daina yi masa dariya, ka lura da abin da yake iyawa, ka raka shi asibiti a duba shi. Ku tura wannan labari ga iyayenmu da ’yan uwa, wataƙila akwai wata Dije a gidanku da ke jiran wanda zai ce mata za ta iya.