Barde da Hoton Gauraka

An yi wani hakimi a bakin fadama, Barde Isiyaku, wanda 'yarsa ta aiko masa da kyamara. Ya rantse gaban fadawa sai ya ɗauki hoton gauraka da hannunsa. Kullum sai ya fita da laima da makaɗa, maroƙi na ihu, "Ga giwa tafe!" Kwana shida bai ɗauko komai ba sai ciyawa da wutsiyar agwagwa guda.

Ran na bakwai haushi ya ishe shi, ya kira Nomau, Sarkin Bakansa, ya ce, "Gobe a kafa tarko, a ɗaure min gaurakin nan su tsaya!"

Nomau kuwa ya san gauraki in sun sha tarko ba sa ƙara komawa fadamar. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in kawo hikayar Tanimu mai hoto."

Barde ya ce, "Kawo, amma gajarta."

Nomau ya ce, "Shi Tanimu da gudu yake bin tsuntsaye, har ya faɗa taɓo iya wuya. Wani zalɓe ya dube shi ya ce, 'Bawan Allah, rawa kake ko farauta? Ka tuna min da ƙanena.' Tanimu ya ce, 'Me ya sami ƙanenka?' Zalɓe ya ce, 'Ai shi tsalle yake cikin ruwa yana yi wa kifi kirari. Har ya tsufa bai san ɗanɗanon karfasa ba, sai kwaɗi marasa lafiya. Ni kuwa tsayawa nake har kifi ya ɗauka ƙafafuna kara ne. Wanda kake nema, sai ya manta da kai zai zo.' Tanimu ya zauna nan cikin taɓonsa. Da ya kwana arba'in yana zuwa, hotunansa har birni ake kallo. Ranka ya daɗe, shi ma ba tarko ya kafa ba."

Barde ya murtuke. "Wato ni ne mai cin kwaɗin?"

"Haba, wane ni! Zalɓe ne ya faɗa."

Dariya ta kuɓuce wa Barde, ya ce a dakata da tarkon tukuna. Kashegari ya tuɓe rawani, Nomau ya ɗaura masa kan burtu a goshi irin na maharba, suka shiga fadama da rarrafe su biyu kawai. Sauro ya ci rabonsa, gwiwa ta yi tsami, gauraki na can nesa. Haka har kwana tara.

Ran na goma Barde na duƙe sai ya ji abu ya dira a gadon bayansa. Ashe balbela ce, ta ɗauka saniya ta samu.

Nomau ya raɗa masa, "Albishirinka, ranka ya daɗe, an fara manta kai hakimi ne."

Barde ko ƙifta ido bai yi ba. Ta gefen baki ya ce, "Na ji. A ƙone tarkon. Kuma don Allah yi min shiru, kada ka tayar min da baƙuwa."