Sharaɗi na Uku

"Ku matso kusa, muryata ta rage. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Baba Malam!"

Sai dai ku yi mini afuwa, wani gefenta ya zube. Sunan mutum guda ya ɓace mini. Mu ce da shi Masunci.

Wai a ƙasar Rafin Gauraka, baƙi suka zo ta ruwa da bindigogi. Suka kafa bariki a tsallaken kogi, suka ce ƙasa tasu ce. Sai mutum biyu suka tashi neman 'yanci: Jatau gwanin magana, da Barmo shugaban maharba. Amma ba su da jirgi.

Sai suka je wurin Masunci. "Ɗan'uwa, ƙetare da mu."

Ya ƙetare da su, suka leƙo bariki, ya dawo da su.

Karo na biyu suka zo da maharba arba'in. Ya kai su, ya dawo da sha tara.

Karo na uku suka zo da garwashi a kasko. Da suka ƙetare, a bayan rumbun albarushin baƙi, Jatau ya ce, "Ni hayaƙi yana ɓata mini murya."

Barmo ya ce, "Ni hannuna na kan baka da kibiya."

Masunci ya ce, "Manya ke nan! Ku kawo."

Ya jefa garwashin, sai rumbu ya tashi da wuta. Sai baƙi suka nemi sulhu.

Aka zauna gindin tsamiya, aka bar Masunci yana gadin jirgi. Babban baƙi ya ce, "Za mu tafi, bisa sharaɗi uku. Na ɗaya, mashigin kogi namu ne."

Jatau ya ce, "Mun yarda."

"Na biyu, ba za ku sayar wa kowa auduga ba sai mu."

Barmo ya ce, "Mun yarda."

"Na uku, ku ba mu wanda ya sa wuta."

Sai Jatau ya ce, "Ai mutum guda ne."

Jatau da Barmo suka gangaro bakin ruwa. "Ɗan'uwa, ƙetare da mu."

Masunci ya yi dariya. "Yau ba kasko?"

"Yau ranar biki ce."

A tsallake, sojoji na tsaye da igiya. Masunci ya dube su, ya dubi Jatau. "To, wa zai mayar da ku gida?"

Jatau ya kawar da kai. "Sun ba mu jirgi mai inji."

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare. Yara, in manya suka shiga sulhu a kanku, kada ku yarda a bar ku gadin jirgi.

Af, na tuna. Shekarun yawona, na je garin, na shafa dutsen tunawa da hannuna. Sunaye biyu ne a jiki. Na tambayi tsofaffi har bakwai, ba wanda ya san na ukun. Ashe ba mantawa na yi ba. Ni ma ba a taɓa gaya mini shi ba.